Ranar da Muryata ta Fita a Rediyo

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina aji huɗu na firamare a Kurawa, wani ɗan jarida ya sauka daga babur a bakin rijiyar unguwarmu, rataye da rikoda. Mun ajiye guga muka kewaye shi, ni da sauran yara, har da ƙawata Tsahara.

Tsahara da uwarta Inna Hajo sun ƙetaro daga Nijar ne shekarar da fara ta cinye musu gero. Babana ya ba su ɗakin da muke ajiye harawa. Inna Hajo tana yi wa matan unguwa sussuka da surfe, ni da Tsahara kuwa tare muke ɗebo ruwa, mu yanko wa awaki ciyawa, mu zauna gindin bedi muna carafke. Ita ta koya mini ƙirga da Faransanci, ni na koya mata waƙoƙin makarantarmu.

Lokacin ana rajistar masu zaɓe, kullum rediyon Baba cike da gardama. Wasu na rantsuwa cewa ana shigo da baƙi don su yi zaɓe, wasu na ƙaryatawa. Ban fahimci komai ba, amma na haddace kalmomin. Da ɗan jaridar ya tambaya ko akwai baƙi a garin, sai na matso, don kawai in ji muryata cikin akwatin nan. Na ce, "Ga su nan gidanmu, kuma an ce za a ba su kati." Ba wanda ya taɓa faɗin haka. Bai tambaye ni wa ya ce ba, bai kuma leƙa gidan ba.

Bayan kwana biyu, da la'asar, aka saka maganata. Baba ɗan jam'iyya ne a mazaɓarmu, nan take abokan adawa suka cika ƙofar gida suna hayaniya. Da suka watse ya kira ni, ya ce, "Wa yaf faɗa miki hakan ga?" Na ce ba kowa. Bai buge ni ba, ya dai daɗe yana kallona. Washegari ya auna wa Inna Hajo gero, ya ba ta haƙuri, ya ce zamansu ya gagara.

Tsahara ta same ni bayan rumbu, da ƙullin kayanta a ka. Ta ce, "Na ji ki, Balki. Mi munka yi miki?" Na sunkuyar da kai ina tonon ƙasa da yatsan ƙafa har suka fice.

Yau, bayan shekaru masu yawa, 'yan bindiga sun kore mu daga garinmu, ni da 'ya'yana muna zaune a wani ƙauye ta wajen Maraɗi, a ɗakin da wata tsohuwa ta share mana ba tare da ta san sunana ba. Yanzu mu ne baƙin da ake gardama a kansu. Na yi cigiyar Tsahara a kasuwanni uku, ba wanda ya san ta. Har yau ban ba ta amsa ba.