Ranar da Na Kashe Kakana da Takarda

A shekarata ta uku a jami'a malamin da ke koya mana bincike ya ce kowa ya nemo matsalar shari'a mai rai, ya rubuta a kanta. Abokaina suka ruga ɗakin karatu. Ni kuwa dariya na yi, don tawa matsalar tana gida, kullum ma ana share mata ɗaki.

Kakana ya bar ƙauyenmu na kusa da garin Wad Haddad tun mahaifina yana goye. Ya ce zai ƙarasa tafiyar Makka da iyayensa suka faro daga Sakkwato ba su ƙarasa ba, suka yada zango a nan. Ya nufi gabas a ƙasa, shiru kake ji, babu wasiƙa, babu gawa. Amma hawashar da muke ci, wato gonar audugar da hukumar noman Jazira ta ba shi, tana nan da sunansa. Duk shekara in magatakarda ya kira sunan, baffana ne ke amsawa ya dangwala yatsa. Sama da shekara arba'in ke nan, a takarda kakana bai taɓa fashin noma ba.

Kakata ma ba ta ɗauke shi matacce ba. Kowace safiya takan share ɗakinsa, ta cika butarsa ta ƙasa da ruwa, ta ajiye a bakin ƙofa. Kafin la'asar butar ta bushe ƙaf. Ba na son wucewa ta wurin tun ina yaro. Da na yi ilimi sai na ce mata zafin rana ne, butar ƙasa tsatsa take yi.

"To, maigida," in ji ta, don haka take tsokanata tun ina rarrafe, "rana ita ma alwala taka yi?"

A lokacin an fara raɗe-raɗin za a sake rajistar hawashoshi, kowa ya zo da kansa a gan shi. Baffana ya rame. Ranar da aka ce mai suna ya fito, ƙarya ta ƙare, gonar da ke ciyar da gida uku ta tafi.

Na shiga bincike kamar mai haƙar rijiya. Na koyi bin doka daga sashe zuwa sashe, na kwatanta ta da littattafan fiƙihu, na zauna a ma'ajiyar kotu ina buɗe tsofaffin hukunce-hukuncen da gara ta ci gefensu. Kafin wata biyu na samo hanya. Wanda ya ɓace aka daɗe babu labarinsa, alƙali na iya hukunta cewa ya mutu, dukiyarsa ta koma ga magada. Malamin ya yaba aikina a gaban aji. Kaina ya kumbura, ba na musu. Akwai wani layi a ƙarƙashin sashen da ya shafi matar wanda ya ɓace. Na karanta shi, har na ja masa layi da jan biro, amma a lokacin matar littafi na gani, ban ga kakata ba.

Ni na rubuta wa baffa takardar ƙara. Muka yi shawara kada a gaya wa tsohuwa sai an gama. Aka yi cigiya yadda doka ta ce, tsofaffi biyu suka shaida ranar da suka raka shi bakin gari. Wata Talata da hantsi, fanka na juyawa a sama, alƙali ya karanta hukuncin cikin Larabci bai ko ɗaga kai ba. Ya ce daga yau mutumin matacce ne. Baffa ya riƙe hannuna. Gona ta tsira.

Daga kotu kai tsaye muka hau mota, kuma babu waya a gidanmu a lokacin. Mun iso bayan azahar. Tun daga zaure na ji gidan ya yi tsit, ko kaji ba sa motsi. Muka tarar da kakata zaune a kan tabarma a ƙasa, ta cire awarwaronta, ta lulluɓa da farin mayafi irin na masu takaba.

Baffa ya durƙusa. "Inna, wa ya gaya miki?"

Ba ta dube shi ba, ni ta duba.

"Da hantsi na ji shi ya fita," ta ce. "Kai ka rubuta?"

Na ce ni ne. Na fara yi mata bayanin gona da rajista da magada, bakina na zuba kamar ina gaban malami. Ta bar ni na gama.

"Wata huɗu da kwana goma, ko? Haka takardar taku ta ce?"

Haka ta ce. Shi ne layin da na ja wa jan biro: takabar matar tana farawa ne daga ranar hukunci. Tsohuwa mai shekara kusan saba'in ta zauna a tabarmar nan ta yi ta cif, mata suna zuwa gaisuwar mutumin da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Na ji kunya, na kuma ji haushi, don gonar da na ceto ita ma daga cikinta take ci. Ban faɗa mata ba, kuma na gode wa Allah da ban faɗa ba.

Na dawo hutu bayan ta fita takaba. Da la'asar ta kira ni, da sunana na yanka, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta nuna mini butar a bakin ƙofar ɗakin.

"Ɗauka ka ji."

Na ɗauka, na ji ta da nauyi, cike da ruwa. Rana kuwa ranar nan ta yi zafin da ko jaki ya nemi inuwa.

"Tun ranar Talatar nan ban ƙara mata ruwa ba," ta ce. "Kai mai ilimi, gaya mani ina ranar taka ta tafi."

Na tsaya da butar a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.