Filin Bakin Titi da Injin Riɗi

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, an fito daga sallar la'asar. Mu uku ne a zaurena na Gagarawa Tasha: ni, da babban ɗana, da wani baƙo ɗan kasuwar riɗi daga Maigatari.

Ga abin da ya kawo shi. Ina da fili a bakin titi, gadon mahaifina. A shekarun nan gari ya fara cika da ma'aikatan da haya ta gagara a Gumel, suka yi gini a nan, su hau mota da safe su dawo da yamma. Fili ya yi daraja, mutane suka riƙa zuwa nema. Ni kuwa ba da kati na yi a asibiti har na yi ritaya, abin da na sani shi ne layi. Wanda ya fara zuwa shi ake fara sallama.

Mutum bakwai sun riga baƙon zuwa, duk shago suke so in gina musu su kama haya. Shi filin gaba ɗaya yake so, ya kafa injin tace riɗi da ɗakin ajiya. Ya ce zai ɗauki ma'aikata na albashi, masu ɗinkin buhu, masu awo, har da mata. Ya ji labarin ɗana ya koyi gyaran inji a makarantar sana'a, ya ce shi zai riƙe masa injin.

Na ce masa akwai na gabansa.

"Baba, waɗancan kowa kansa kaɗai zai zaunar a shago," in ji baƙon. "Ni gidaje zan ciyar."

"Kai ne na takwas," na ce.

Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya tafi. Ɗana ya raka shi ya dawo, ya durƙusa ya ce ko za a sake dubawa. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin na tsallake mutum a layi saboda ɗana na ciki. Ya ce bai taɓa ba. A ranar har daɗi na ji, na ba uwarsa labari kamar na yi abin kirki.

Aka gina shagunan. Huɗu daga ciki kaya iri ɗaya suke sayarwa, lemo da taliya da sabulu. Ɗaya cajin waya, ɗaya aski, na ƙarshe ya fi yawa a kulle. Ma'aikatan da muka ɗora wa buri a Gumel suke sayayya, su sauko daga mota da ledojinsu, su wuce ta gaban shagunan suna ɗaga hannu. Babu shagon da ya ɗauki ko mutum guda aiki.

Ɗana ya ja keke napep na wani a Gumel, bai tsira da komai ba. Bara ya ji baƙon nan ya kafa injinsa a wani gari can wajen Kano, ya je ya same shi ba tare da ya shawarce ni ba. Mutumin ya karɓe shi da mutunci, har ya ce a gaishe ni. Amma riƙon injin an daɗe da ba wani. Dakon buhu ya samu.

Yanzu sau ɗaya yake zuwa a wata. Matarsa da 'ya'yansa uku suna gidana. Wannan zuwan na ga yana miƙewa daga tabarma da hannu a ƙugu, kamar tsoho, shekarunsa talatin da ɗaya. Bai taɓa tayar da zancen filin ba. Gaisuwar da yake yi mini ma ta fi ta da kyau, ni kuma ƙasa nake kallo har ya gama.

Mai karatu, idan ka san inda ake neman mai gyaran inji tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, ka tambayi mai shaguna bakwai a Tasha, kowa zai nuna maka gidana. Yaron ya iya aikinsa. In ka kira shi, kada ka ce masa ni na roƙa.