Harsashin da Ya Makara

Akwai ranar da ba ta fita a raina duk tsawon aikina na gadin daji, ita ce ranar da aka tura mu harbin ɓauna a wani ƙauye kusa da Doguwa. Da kaka ne, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai. Ina ƙaramin ma'aikaci a Tudun Wada, ƙarƙashin Saje Bawa, tsohon soja wanda ya dawo daga yaƙin duniya a ƙasar Bama aka ba shi shugabancin masu gadi.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san bindigoginmu ba. Ba na soja ba ne, na farauta ne masu sakata: ka ja sakatar baya, ka tura, harsashi ya hau, ka harba, ka sake ja kwanso ya faɗo. Amma bakinsu ɗaya da na soja, don haka ragowar harsasan yaƙi ake ba mu, cikin akwatin ƙarfe. Sun sha ajiya, sun sha damina. Saje kan ce yawancinsu lafiya lau suke, sai dai a cikinsu akwai masu nauyin barci. Ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru, sai can ya tashi. Dokarsa ita ce in haka ta faru kada ka kuskura ka buɗe sakata, don in ya tashi a buɗe fuskarka zai ci.

Dagacin ƙauyen ne ya aiko. Wata tsohuwar ɓauna ta bar garke ta tare a fadamarsu, ta tattake dawa, ta karya wa wani manomi haƙarƙari. Mata sun daina zuwa rafi. Ka'ida ita ce sai an ba da izini daga sama kafin a harbi babbar dabba. Da izinin ya zo muka hau kekunanmu.

Da hantsi mai unguwa ya kai mu bakin fadamar, ya nuna da haɓa, ya ce, "Saje, iyakata nan. Ina da iyali."

Muka kutsa cikin ciyawa. Saje ya raɗa mini, "Audu, yau kai za ka harba. Ina bayanka."

Ban taɓa harbin abin da ya wuce gwaggon biri ba. Muna zagaya wata kuka sai ga ta, baƙa ƙirin, ƙahonta kamar an kifa mata turmi. Na durƙusa, na yi bisimilla, na saita kafaɗa, na ja kunama.

Ƙyas.

Ta ɗago kai ta dube mu. Hannuna ya tafi kan sakata da kansa.

"Kar ka taɓa!" in ji Saje. "Riƙe saitinka. Bi ta."

Ta juyo gaba ɗaya, ta sunkuyar da kai, ta tako. Na bi ƙirjinta da bakin bindiga. Saje ya ɗaga tasa ke nan sai tawa ta tashi da kanta, daram! Gindin bindigar ya bugi kafaɗata har na zauna daɓas. Da na ɗago, ɓaunar ta durƙushe. Saje ya ƙara mata ɗaya don tabbatarwa, ya zaro wuƙa ya ruga ya yanka ta da sauran ranta. Sannan ya waigo ya gan ni zaune cikin taɓo, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Tashi, sarkin baka! Harsashinka ya tsaya alwala ne."

Kafin azahar ƙauyen duk ya hallara a fadama. Aka feɗe, aka raba gida-gida, aka kai wa mai karaya tsokar cinya. Mata suka wuce mu da tuluna suna guɗa. Mai unguwa, wanda daga kan tsamiya ya kalli komai, ya dinga ba da labari wai na ja kunama na umarci harsashin ya jira sai dabbar ta ba da ƙirji. Na ce, "Baba, ba haka aka yi ba." Ya ce, "Ni da na gani da idona?" Dagaci ya ce, "Malam Audu, bar shi. Nasa ya fi daɗi."

Ana kawo mana tuwo Saje ya ce a dakata, a tafasa masa ruwa tukuna. Harsashin soja yana barin wani gishiri a bututu, in aka bar shi ya kwana tsatsa ta ci bindiga, kuma man bindiga ba ya fid da shi sai ruwan zafi. Uwar dagaci da kanta ta kawo butar. Ta tsaya tana kallo muna tsiyaya wa bindigata ruwa ta gindi yana fita ta baki, ta riƙe haɓa.

"'Ya'yan nan, ita ma a dama mata kunu ne?"

"Iya, ta fi mu wahala yau," in ji Saje. "Ita za ta fara."

A ranar na gane aikin nan ba saurin hannu ba ne, sanin lokacin da za ka hana hannunka motsi ne. Na kuma gane babba na gari shi ne mai tsayawa a bayanka da bindiga a ɗage, ya bar maka harbin, ya bar maka sunan. Har na bar aiki, in na shiga kasuwar Doguwa, sai na ji wani ya ɗaga murya: "Ga mai yi wa harsashi magana nan!" Tun ina musu har na koma ɗaga musu hannu.