Mai Tumbi a Jerin Dawa

A shekarar da ko ungulu ta rame, ga mutum da tumbi a gabana, cikin jerin masu karɓar jar dawar taimako a Zinder. Rigarsa ta ɗage ta gaba kamar ta mai cikin wata tara. Kaushin ƙafarsa na manomi ne, wataƙila daga wajen Zermu ya tako. Yana tsaye ƙafafu a ware, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya riƙe da tsohon buhu.

Bakina ba ya jiran shawarata. Na ce, "Alhaji, kai da ka haɗiye rumbun garinku, me ka zo nema cikin mayunwata?"

Dariya ta tashi. Wata ta ce a fitar da shi.

Bai yi fushi ba. Ya juyo, idanunsa rawaya, ya ɗaga rigar a hankali. Haƙarƙari duk a fili. Ƙasa da su ciki ya kumbura yana sheƙi, ko'ina tabon sakiyar wanzami.

"Lokotoron asibiti ya ce sankarar hanta ce, malam," in ji shi. "Ko kunu ba ya zama. Dawar ta yara ce, su biyar."

Ya sauke rigar, ya gyara tsayuwa.

Na baya ba su ga haƙarƙarin ba, maganata kawai suka ji. Tana ta bin jeri baki-baki: "Mai tumbi ya fita!" Ina ta rantsuwa wasa nake, babu mai ji. Ga mai tsaron jeri nan tafe da sanda, idonsa a kan rigar.