Abu na Bakwai a Takardar Baƙi

A takardar da ake raba wa baƙi a otal-otal, an jera abubuwa goma da bai kamata mutum ya bar garinmu bai gani ba. Na farko yawo a bakin kogi, kogin nan da a da yake wayar gari shuɗi ranar Litinin, ja ranar Alhamis, gwargwadon rinin da masaƙa ta zubar. Yanzu ruwansa garai-garai, har da agwagi. Na biyu hayar keke a bi tsohon layin dogo da aka malale da kwalta. Na huɗu cin jatan lande da faten masara, abincin da iyayenmu suke ci don babu, yau ana kawo shi a faranti mai faɗi da ganye ɗaya a kai. Na bakwai kuwa Verlene Tolbert ce.

Ba a rubuta sunanta ba. Cewa aka yi, ranar Asabar da hantsi a zo tsohuwar masaƙa a ga injin saƙa na ainihi yana aiki. Amma duk faɗin wannan yanki na Carolina ta Kudu babu wanda ya rage da zai iya tayar da injin nan sai ita.

Tana da shekara goma sha tara ta shiga masaƙar, a 1968, cikin mata baƙaƙen fata na farko da aka bari suka taɓa inji. Mahaifiyarta ta yi shekara ashirin a ginin, tsintsiya kawai aka yarda ta riƙe. Ɗakin saƙa injuna ɗari huɗu ne, idan suka tashi gaba ɗaya ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Don haka ma'aikatan suka koyi magana da leɓe, babu murya. Verlene tana wannan layi, ƙawarta Ozella tana can layi na shida, a haka suke gulmar shugaban aiki, a haka Ozella ta gaya mata tana da ciki, a haka kuma Clifton mai gyaran inji ya nemi auren Verlene daga bayan injuna tara.

Shekara talatin da uku ta yi. Masaƙa ta cinye mata kunne, ta cinye wa Ozella huhu da ƙurar auduga. Da aka rufe, aka kwashe injunan aka sayar, aka bar guda ɗaya saboda ƙafarsa ta tsage. Ginin ya yi shekara ashirin tattabaru na kwana a ciki, har wani kamfani ya saye shi. Sama aka yi gidajen haya masu manyan tagogi, ƙasa kuma shagon kofi, da mashaya, da wani kanti da ba a sayar da komai a cikinsa sai sabulu da kyandir.

Verlene da kanta ta je ta ce wa masu ginin injin nan bai mutu ba. Mijinta Clifton ya rasu ya bar mata rumfa cike da kayan gyara, da su ta yi wata biyar tana lallaɓa shi har ya yi tari ya tashi. Aka ba ta minti goma duk Asabar. A cikin minti goman nan katakon daɓen yakan yi rawa, rawar ta bi ta tafin ƙafarta ta hau har ƙirji. Duk mako, nan ne kawai take jin wani abu sosai.

Wata Asabar cikin watan Mayu tana zuba wa injin mai, baƙi sun fara taruwa. Ozella na zaune can kusa da shagon kofi, da 'yar tukunyar iskar numfashinta a gefe da robar shaƙa a hanci, kamar kullum. Verlene ta ɗaga kai. A ofishin gilashi, Preston manajan ginin yana tsaye da wata mata daga cikin masu hayar sama, ta rungume ɗan ƙaramin kare. Sun rufe ƙofa. Ba da niyya Verlene ta duba ba, ido ne ya saba.

"Yau ne na ƙarshe," in ji leɓen Preston. "Litinin za a cire bel ɗin da ke juya injin a yanke wutar. Mun riga mun naɗi ƙarar, za mu riƙa sa ta a lasifika a hankali."

"Tsohuwar fa?" in ji matar.

"Ai ba ta ji. Zan lallaɓa ta in an watse. Sai ta riƙa zama a gefe ana hoto da ita, mutane na son haka."

Verlene ta ajiye gwangwanin man. Ta juya wajen Ozella, ta tarar ita ma idonta na kan gilashin.

"Kin gani?" in ji Ozella, babu murya, daga can ƙarshen zauren.

"Makauniya aka ce miki ni ce?"

"Karen ne ba ya son ƙara, 'yar uwa. Kare ya kore ki daga aiki. Ko Turawan wancan zamanin ba su yi miki haka ba."

"Ke dai ja iskarki, tsohuwar banza, kada ki mutu a nan a sa ki a takarda ki zama na goma sha ɗaya."

Ozella ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Mutanen da ke tsakaninsu suna ta shan kofi, ba wanda ya san an yi magana.

Verlene ta jawo kwandon da take tara zaren da ta naɗe, na wata biyu ne a ciki. Ta ɗora shi kusa da ƙafarta, ta saka ƙoshiya mai kai da komo da zare, ta ja hannun injin.

Baƙi suka toshe kunne suna murmushi, suna ɗaga wayoyi. Minti goma ya cika, suka fara shirin tafi. Injin bai tsaya ba. Zare ya ƙare a ƙoshiya, kafin su sauke hannu ta sake wani. Minti ashirin. Kofuna suka riƙa tafiya da kansu a kan tebura, wani kyandir ya faɗo daga kanta ya fashe. Murmushin ya gushe. Iyaye suka ja 'ya'yansu waje. Preston ya zo ya tsaya a gabanta yana nuna agogo, bakinsa na buɗewa yana rufewa. Verlene idan ba ta son jin magana, ido kawai take kawarwa. Ta kawar. Zare ɗaya ya tsinke, ta kama bakin biyu ta ƙulla da yatsu uku ba tare da ta duba ba. Wannan inji ɗaya ne tak, take faɗa a ranta, ku ƙara ɗari uku da casa'in da tara, ku tsaya awa takwas, sannan ku ce kun ga masaƙa.

Sai da kwandon ya zama wayam ta tura hannun injin. Zauren ya kusa zama kango.

Preston ya goge gumi. Yaro ne mai ladabi, ba ta taɓa ƙin sa ba. Ya sunkuyo yana buɗe baki da yawa, yadda suke yi wa kurame.

"Mama Verlene, akwai 'yar maganar da nake so mu..."

"Litinin ko? A cire bel a yanke wuta." Ta faɗa da ƙarfi, don ba ta san nauyin muryarta ba. "Na ji tun kana cikin gilashi, ɗana. In za ka yi gulma a masaƙa, juya baya ake yi."

Kunnuwansa suka yi ja.

Ba ta yi niyyar roƙo ba, amma sai ta ji bakinta ya riga ta. "Ku bar mini minti biyar. Ko sau ɗaya a wata. Inji in ya zauna tsatsa yake yi, ba ya sake tashi."

"Mama, wallahi ba daga ni ba ne. Mutanen sama sun kai ƙara har sau uku. Kuma bayan abin da ya faru yau..."

Ta gyaɗa kai. Ta sa almakashi ta yanke ƙyallen da ta saƙa, mai ratsin shuɗi, ta naɗe shi. Ta zare ƙoshiyar ta sa a jaka, dama ta Clifton ce, da harafin sunansa a jiki. Maganar zama a yi hoto, bai sake tayar da ita ba.

Sai bayan wata biyu ta koma, shi ma don Ozella ta dame ta ne. An yi wa injin fenti baƙi mai sheƙi, har kan haƙoran da ake zuba wa mai. An ɗora tukwanen furanni uku inda ƙyalle yake fitowa. A sabuwar takardar baƙi yana nan a na bakwai: a zo a yi hoto da injin tarihi, a saurari muryar masaƙa.

"Sun kunna?" ta tambayi Ozella.

"Sun kunna."

"Yaya yake?"

"Kamar kyanwa na minshari a cikin kwali."

Verlene ta juya kunnen dama, wanda ya fi dama-dama, wajen lasifikar. Ba ta ji komai ba. Ta dafa kafaɗar Ozella, ta zare takalmi ɗaya, ta ɗora tafin ƙafa a kan katakon daɓen. Ta daɗe a haka.

Wata budurwa da hular rana ta matso, wayarta a hannu, mijinta ya riga ya jingina da injin yana gyara riga. Ta yi wa Verlene murmushi mai kyau.

"Kaka, don Allah ko za ki ɗan matsa? Kina shiga hoton."

Verlene ta karanta leɓen tsaf. Ta sunkuya ta ɗauki takalminta, ta matsa.