Firijin Baba da Ƙafata ta Hagu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Wata biyar ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa na yi kuɗi na daina kula mutane, Allah ya amsa bakinku, amma ba haka ba ne. Ƙafata ce ta so ta tafi ta bar ni.

Da ƙishirwa abin ya fara. In wuni ina shan ruwa ina zaryar banɗaki, ina cewa zafin Kano ne. Sai ƙusa ta soke ni a babban yatsan ƙafar hagu. Ban ma ji ba, 'yata Rukayya ce ta ga jini a takalmina. Mako uku ina shafe-shafe, ciwo ya ƙi warkewa, har ya fara wari.

A asibiti aka gwada jinina. Nas ta duba, ta sake dubawa, ta fita da sauri kiran likita.

Ciwon suga. Ni da nake zuba cokali huɗu a shayi!

Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Hajiya, yatsan nan ya riga ya tafi. Ƙafar muke son ceta. In suga bai sauka ba, daga gwiwa za mu yanke."

Na yi kuka, kuma na ji tsoro sosai.

Kwana goma sha biyu na yi a kwance: wankin ciwo kullum da safe, ƙarin ruwa, gwajin jini. Aka cire yatsan. 'Yan kunnena na zinariya suka tafi a sayen magani. Aka sallame ni da allurar insulin, safe da yamma, aka ce lallai ta zauna a wuri mai sanyi.

Sanyi a Fagge, a watan da taransifomar layinmu ta ƙone! Na ajiye kwalbar a ɗakina, zafi ya lalata ta, suga ya sake hawa. Likita ya ba ni mako biyu, in bai sauka ba a yanke ƙafar.

A nan zan gaya muku labarin babana, Alhaji Lamidi, Allah ya jiƙansa. Iyayensa daga ƙasar Yarbawa suka zo, shi kuwa a Fagge aka haife shi, yana aikin akawu a tashar jirgin ƙasa. Shekarar da kuɗin mai ya shigo aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ina 'yar shekara tara. Abokan aikinsa kowa ya sayi babur. Baba sai ga shi a bayan amalanke, ya sayo firiji.

Inna ta riƙe haɓa. "Alhaji, a kan wannan za ka hau ka tafi aiki?"

Ya ce, "Ƙafa ina da ita. Ruwan sanyi ne unguwa ba ta da shi."

Bai ko shigar da shi cikin gida ba, a zaure ya girke shi. Kowane gida ya kawo kwanonsa. Da kwanuka suka fara rikicewa sai ya ba ni aiki: in riƙa ɗiga musu jan farce a murfi, wannan gida ɗigo ɗaya, wancan biyu. Da azumi layi har waje. Wata babbar salla naman layyarmu ya rasa wurin shiga, Inna ta wuni tana faɗa, shi yana ta dariya yana miƙa wa mutane ƙanƙara. Har ya rasu bai sayi babur ba.

To, Rukayya ta je wani shagon magani a Sabon Gari sayen sabuwar allura, ta ga firijinsu mai aiki da sola, ta roƙi a riƙa ajiye mana. Mai shagon, wani dattijo Mista Obinna, ya tambayi inda muke. Ta kwatanta.

Ya ce, "Tsaya. Gidan Baba mai firiji?"

Washegari da safe sai ga shi da kansa a ƙofar gida, riƙe da tsohuwar langa. A ciki ƙanƙara ce, da kwalbar allurata naɗe da tsumma. A kan murfin kuwa ɗigon jan farce biyar, sun koɗe amma suna nan.

Ya ce, "Hajiya, babana ma ciwon nan ya yi. Mun dawo Kano bayan yaƙin basasa ba mu da komai. Shekara huɗu allurarsa tana zaurenku, Mama tana zuwa ɗauka kullum. Ta ce ko me za a sayar, ban da langar nan."

Na ce, "Ai ni na ɗiga wannan!" Ina kuka ina dariya, shi ma haka.

Kullum da safe sai langa ta iso da allurata, ba fashi. Suga ya sauka, ciwo ya fara haɗewa. Ranar da muka koma, likita ya daɗe yana duba ƙafar, sannan ya ce, "Hajiya, je ki da abarki."

Rukayya ta rangaɗa guɗa a gaban marasa lafiya, sai da nas ta kore mu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Rukayya da ta zame mini uwa, da Mista Obinna, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Don Allah, in ƙishirwa ta yi muku yawa ku je a gwada suga. Ku riƙa duba tafin ƙafarku kullum, kada ku yi yawo ba takalmi. Ciwon da ya wuce mako bai warke ba, asibiti za a kai shi. Mai yin allura kuma ya nemo mata wurin sanyi tun kafin a sallame shi. Shayina yanzu lami ne, kuma ban mutu ba.

Jiya an gyara mana wuta. Na ɗauki langa, na sabunta mata ɗigonta biyar, na fita mayar wa mai ita. Rukayya ta ce bari ta tsayar da adaidaita.

Na ce, "Bar shi. Ƙafa ina da ita."

Na taka har Sabon Gari da yatsuna tara. Ku sa Baba a addu'a.