Katakon Garejin Norb Sabol

Norb Sabol ya yi aikin walda a kamfanin ƙarfe na garinmu har ranar da aka garƙame ƙofar kamfanin. Daga nan ya koma gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta, a can ya yi ritaya. Gajere ne kakkaura, kunnensa na hagu ya mutu tun a kamfanin, shi ya sa in kana masa magana sai ya karkato maka kai gefe guda. Tare muke a ƙungiyar 'Yan'uwan Fitila, wadda kakanninmu suka kafa don binne 'yan'uwa da kula da iyalan da suka bari. Yanzu aikinmu taimakon duk mai bukata ne a gari.

A cikinmu babu mai aiki irin Norb. Shi ke kai masu wankin ƙoda asibitin birni, ya zauna ya jira su, ya dawo da su. Juma'o'in azumin coci, da ƙungiya ke soya wa jama'a kifi, shi ke kan kasko har gashin hannunsa ya ƙone. Ranar Asabar kuma shi ke jan ragamar masu kafa gangare, wato hanyar katako da muke yi wa tsofaffi a bakin ƙofa don keken marar lafiya ya hau ya sauka ba sai an ɗaga shi ba.

Matarsa Bernadette, da muke kira Bernie, tana fama da ciwon karkarwa. Da can ba ta fashin zuwa kicin ɗin ƙungiya, amma da hannun ya ƙi riƙe wuƙa sai ta daina fitowa. In ka tambayi Norb jikinta sai ya ce, "Tana nan, da sauƙi," ya ɗauki guduma ya yi gaba.

Wata Asabar a farkon sanyi muna kafa gangare a gidan wata tsohuwar malamar makaranta. Chet Malek, abokin Norb tun suna yara, ƙato mai yawan tsiya, yana ta jansa.

"Kai kurma, na ce ka miƙo ƙusa, ka miƙo mini kofi!"

"Ai na ga shi ka fi iya riƙewa," in ji Norb.

Muna ta dariya, injin yankan katako yana ƙara, wayar Norb kuwa tana cikin a-kori-kurarsa. Sai da muka tashi cin abinci ya ga kira jere. Na farko-farkon duk na Bernie ne. Na ƙarshen na wata mai raba wasiƙu ne, wadda ta tsinci Bernie a ƙasan matakalar bayan gida. Bernie ta fito zuba wa tsuntsaye hatsi ƙafarta ta goce, ƙashin ƙugu ya karye. Tun hantsi take kwance a kan siminti mai sanyi da waya a hannu.

Ni na kai shi asibiti. Muna zaune ana yi mata aiki, sai ya fara magana bai dube ni ba.

"Katakon gangarenta yana cikin gareji tun bazarar bara. Na auna, na yanka, na jingine."

Na ce masa kowa yana mantuwa.

"Ba mantawa na yi ba. In na kafa shi, na yarda ke nan ba za ta warke ba." Ya murza hularsa. "Da safe in ta fara kokawa da maɓallin riga, sai in ji gidan ya yi mini ƙunci. Sai in ce mata ana jirana a ƙungiya. Kuma ana jiran nawa. Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ka gane? Abin da ke cin raina ke nan."

'Yarsu Renee ta iso daga birnin Columbus da yamma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye jakarta ta ce, "Baba, kowa a garin nan in ya kira ka kana ɗauka." Norb ya sunkuyar da kai.

Tun kafin wannan abu mun riga mun zaɓe shi gwarzon shekara, an ma sassaƙa sunansa a jikin allon yabo. Ranar walimar Kirsimeti da za a miƙa masa allon, bai zo ba. Da aka kai masa allon gida ya ce a mayar. Muka ce to bari mu zo mu kafa gangaren kafin a sallamo Bernie, ya ce kada wanda ya taka masa tsakar gida. Shi kaɗai ya fara, cikin ƙanƙara, yana riƙe katako da gwiwa yana buga ƙusa. Chet ne ya yi kunnen uwar shegu ya je.

"Na ce ba na son kowa," in ji Norb.

"Wa ya zo wurinka, tsohon banza? Wurin Bernie na zo. Matsa."

Suka yi aikin tare har suka gama.

Da Bernie ta dawo da ƙarfen dogarawa, Norb ya ajiye duk aikin ƙungiya. Ya koma binta ɗaki-ɗaki. In ta miƙa hannu ga kofi ya riga ta, in ta yi tari ya miƙe tsaye. Ita ta ba ni labarin da kanta ranar da na je dubiya, shi yana tsaye a bakin kicin yana ji.

"Na ce masa, Norbert, ka tsaya mini a ka kamar mai gadin gawa, ban mutu ba tukuna. Ka ƙyale ni in sa maɓallina ko zan kai azahar. Ai na san gudu kake yi tun tuni. Ni ma da akwai inda zan gudu in bar jikin nan, da na tafi."

Ta ce mini a nan ne ya durƙusa a gaban kujerarta yana neman gafara, har sai da ta kama masa kafaɗa ya iya tashi.

"Na ce masa faɗuwar na yafe, ƙafata ce ta goce. Kiran da na yi ta yi ne ban gama yafewa ba. Na ce ya ba ni lokaci."

Ban sani ba ko ta gama kafin ta rasu. Ta ƙara 'yan shekaru, ita ta tilasta masa komawa kai masu wankin ƙoda sau ɗaya a mako, sauran kwanakin yana gida. Shi ke yi mata wanka, shi ke yanka mata nama a faranti. Ya koyi zama a gefe yana kallon hannunta yana rawa a kan maɓalli bai taɓa ba, ya ce wannan ya fi duk waldar da ya yi wuya.

Yanzu ya tsufa ƙwarai, ba ya tuƙi, amma yana zuwa aikin Asabar ya zauna a kan kujera yana auna katako. Kwanan baya wani sabon ɗan ƙungiya, Gary Tomko, magidanci mai furfura, ya shiga ɗaukar kowane aiki da aka ambata. An ce mahaifinsa na kwance a gidansa da shanyewar ɓarin jiki. Norb ya ja shi gefe ya ce, "Ɗan'uwa, wa ke tare da tsohon yanzu?"

Gary ya ɓata rai. "Ina ruwanka da gidana?"

Norb ya dawo ya zauna kusa da ni. "Ya yi gaskiya," in ji shi. "Ni wa zan yi wa faɗa?"

Asabar ta gaba Gary ya sake zuwa tun da sassafe. Norb ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙa masa guduma ya nuna masa inda zai fara.